Yadda Muke Koyar da FPGA a Shagonmu na Ƙofar Ƙaura

Duk ɗalibin da ya zo shagona koyon aikin lantarki, ko daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina ko daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, yakan zo da sanin Arduino, ɗan allon lantarki da ake rubuta wa umarni yana bi ɗaya bayan ɗaya, saboda haka yakan ɗauka FPGA, wato guntun lantarki (chip) da mai shi ke tsara haɗin cikinsa, ita ma haka take. Nakan fara warware masa wannan da misalin gona. Arduino manomi ɗaya ne mai sauri, wanda sai ya gama kunya ɗaya yake shiga ta gaba. FPGA kuwa gayya ce, kowa yana kan kunyarsa a lokaci guda. A cikinta akwai dubban ƙananan tubalan lissafi da wayoyin da ba a haɗa ba, kai ne za ka faɗi yadda za a haɗa su, gobe kuma ka warware ka sake wani haɗin ba tare da ka ɗauki ƙarfen soda ba. FPGA ta farko da kamfanin Xilinx ya fitar a 1985, wato XC2064, tubala 64 kacal gare ta.

Ni kaina na sha wuya kafin wannan ya zauna mini. Na rubuta Verilog, yaren da ake faɗa wa FPGA haɗin da za ta yi, kamar ina jera umarni, alhali da'irar lantarki nake siffantawa, na kwana uku a kan janareta ina neman ɗan ƙwan fitila ya riƙa ƙyaftawa. Agogon allon da FPGA ɗin take kai yana bugawa sau miliyan 50 a daƙiƙa, sai da na gina maƙirgi mai ƙirga bugun agogon har miliyan 25, wato rabin daƙiƙa, kafin ya kunna ko ya kashe fitilar. Daren da ta fara ƙyaftawa daidai, na daɗe ina kallonta ban kashe ba. Washegari da aka ɗauke wuta na tarar komai ya goge, a nan na gane cewa yawancin FPGA ba sa riƙe haɗinsu idan babu wuta, dole a ajiye shi a wani ɗan guntun ma'ajiya a gefe, wanda take karantawa duk lokacin da aka kunna ta.

Abin da ke ƙona mini rai a sana'ar nan shi ne kayan jabu. Wani mai kawo mana kaya ya taɓa turo guntaye da aka kankare bayansu aka sake buga lamba, na goga auduga mai sinadarin asiton, baƙin fenti ya biyo ta. Tun daga ranar ba na ɗora guntu a allon kowa sai na haɗa shi da kwamfuta ya faɗi lambarsa ta ainihi. Idan mai saye ya ce, “Malam, ai na wancan shagon ya fi araha,” nakan buɗe durowa in nuna masa audugar nan, don har yau tana nan a ajiye.

Sabon ɗalibi ba ya taɓa aikin mai saye a wurina sai ya sa fitilarsa ta ƙyafta, kuma ya bayyana mini da bakinsa inda miliyan 25 ɗin ta fito.