Rubutun bayan tankar mai

Shekarar da zan sake rubuta WAEC, bayan Turanci ya kayar da ni, na sayi littafin rubutu na ce wannan karon da dabara zan bi ƙamus. Sai in tara kalmomin da suka fara da baƙaƙe iri ɗaya a shafi guda, in gano abin da farkon yake nufi, sauran kuma su zo da kansu. Shafin "in" ne ya fara cika. Correct ya koma incorrect, visible ya koma invisible. Na ma lura yana sauya kama idan ya haɗu da wasu baƙaƙe: impossible, illegal, irregular. Da jan biro na rubuta a saman shafin cewa "in" kore ma'ana yake yi, shi ke nan.

Wani yammaci muna zaune wajen mai shayi da kawuna, wanda ya daɗe yana tuƙa tanka daga Legas, sai wata ta wuce a hankali, an rubuta HIGHLY INFLAMMABLE da manyan baƙaƙe a bayanta. Na gyara zama na ce, "Kawu, masu rubutun nan ba su iya Turanci ba, cewa suka yi wai man ba ya kama wuta." Ya ajiye kofinsa ya dube ni. "To ɗan boko, je ka ƙyasta ashana kusa da ita mu ga wanda ya iya Turancin." Har mai shayi sai da ya dara.

Da dare na buɗe ƙamus. Ashe "in" biyu Turanci ya gada daga Latin, kamarsu ɗaya amma ba dangi ba ne. Ɗaya kore ne, ɗayan kuma yana nufin shiga ciki, irin na inject da include. Inflammable daga na biyun yake, tushensa inflammare, wato cinna wuta. Shi da flammable ma'anarsu ɗaya, abin da ba ya ci da wuta kuwa non-flammable ake ce masa. Da na bi shafin nawa sai ga wasu ɓarayin: invaluable abu ne mai darajar da ba ta ƙiyastuwa, infamous kuma wanda ya yi ƙaurin suna.

Anti da ante ma sun so su yi min haka. Da na ga antenatal a ƙofar asibiti na ɗauka wani abu ne na hana haihuwa, alhali awon ciki ne kawai. Anti na Girkanci ne, adawa, irin na antibiotic. Ante na Latin ne, kafin.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a Hausa ban taɓa yin wannan kuskuren ba. Na san "ma" ɗin makaranta da manomi da mabuɗi, kuma ban taɓa tambayar wane aiki madara ko mangwaro suke yi ba. Sai da na shiga harshen wasu na manta.

Yanzu idan kalma ta zo min, sai in cire farkon in ga ko abin da ya rage yana tsayawa da ƙafarsa, sannan duk da haka in duba ƙamus, don flammable ma ai yana tsayawa. Kawu kuwa har yau in tanka ta gifta sai ya laluba aljihu ya ce ko in ba ka ashana.