Neman Asalin Fentin Tsohuwar Land Rover Ɗin Gidanmu

Duk wanda ya ji ina shirin tada tsohuwar Land Rover ɗin gidanmu, maganarsa ɗaya ce: a mayar mata da korenta. A idon mutanenmu Land Rover koriya ce, don irin ta sojoji suka fi sabawa da gani. Kawu, wanda ya sayo ta a gwanjon motocin gwamnati tun ina ɗan firamare, ya ce shi ma koriya ya same ta kafin ya sa a yi mata fari. Ban musa masa ba. Sai dai ni abin da nake nema shi ne launin da ta baro masana'antar Solihull da shi a Ingila, tun kafin hannun wani mai fenti na ƙasar nan ya hau kanta.

Motar Series III ce, doguwar nan mai inci 109 tsakanin tayoyin gaba da na baya, mai ƙofa biyar da rufi biyu saboda zafi. An ƙera irinta daga 1971 zuwa 1985. Sitiyarinta a hagu yake, kuma hakan ya dace da lokacin, tunda a watan Afrilun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama. Na fara duba ɗan farantin da ke ɗauke da lambar shasi, ina sa ran ganin lambar fenti kamar yadda Toyota ke bugawa a farantin Land Cruiser. Babu. Land Rover na wancan zamani ba sa rubuta launi a nan. Abin da farantin ya ba ni shi ne lamba mai farawa da 934, alamar cewa a haɗe aka turo ta waje, ba a cikin akwatuna aka kawo sassanta aka harhaɗa a nan ba. Na gwada lambar da wadda aka buga a jikin shasi, can gaba ta dama wajen mariƙin sifirin, suka zo ɗaya.

Daga nan sai sanfefa. Na zaɓi ƙasan ƙofar direba, na jiƙa sanfefa mai lamba 600, na riƙa gogawa a hankali a wuri ɗaya da bai wuce tafin hannu ba. Jiƙawar tana da dalili, domin tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, ƙurarsa ba abin shaƙa ba ce. Idan ka fi danna tsakiya kana sassautawa ta gefe, fentin yakan buɗe zobe-zobe kamar an yanka albasa. Fari a waje, sai wata fila mai kauri, sai koren da Kawu ya sani, sai jar shimfiɗa, sai can a ƙurya wani ruwan ƙasa siriri manne da alminiyom. Kamfanin yana da launi irin wannan mai suna Sand, kuma ya dace da motar da aka kawo ƙasar zafi.

Dattijon fanal bita da ke aikin bodin ya leƙo ya duba, ya shafa bakin ƙofar da yatsa, ya ce, "Alhaji, kada ka yi saurin sayen fenti. Ƙofar nan ba tata ba ce." Ya nuna min inda aka faɗaɗa ramin noti a wajen maratayar ƙofar don ta zauna daidai. Da muka goge ƙofar ɗaya ɓangaren, babu ruwan ƙasa ko ɗigo.

A nan na fahimci halin wannan mota. Da noti da kusa aka haɗa kusan duk jikinta, kuma ƙofa ko bonet ko shafin taya na wata yakan shiga wata ba gardama. Shekara hamsin ana cire na wannan ana ɗaura wa waccan, daga Panteka a Kaduna zuwa Ƙofar Ruwa a Kano. Saboda haka duk abin da mutum ɗaya zai iya kwancewa da sifana cikin awa guda, ba a kafa hujja da shi. Shaidar gaskiya tana wurin sassan da ba kasafai ake rabawa da mota ba, wato bangon ƙarfen da ya raba injin da mazaunin direba, da akwatin da kujerun gaba ke kai, da bodin baya. A cikinsu ma sai inda rana ba ta kai ba, mai fenti kuma ya yi ƙyuyar kwancewa.

Muka cire allon mitoci da robar dashbod. Bayansu ƙura ce ta shekaru, ja wur, haɗe da sheƙar zanzaro. Na sa tsumma da ruwan sabulu na share, sai ga shuɗi. Shuɗi ne mai ɗan duhu da ya karkata zuwa ruwan toka, sumul, babu tabon buroshi, babu wani fenti a ƙarƙashinsa sai siririyar shimfiɗar masana'anta. Muka ɗaga farantin lambar shasi, ƙasansa shuɗi. Muka buɗe murfin da ke ƙarƙashin kujerar tsakiya, gefen ciki shuɗi. Muka ɓanɓare tsohuwar robar ƙofa a jikin ginshiƙin tsakiya, nan ma ga layin shuɗi siriri, kore ya tsaya daidai bakin robar. Wuri huɗu a sassa daban-daban, bakinsu ɗaya. A jerin launukan kamfanin sunansa Marine Blue, lambarsa LRC006, kuma ana haɗa shi da ruwan madarar da suke kira Limestone a rufi da wilin tayoyi.

Na kai wa Kawu murfin har gida. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce, "Ikon Allah! To ai ma'aikatar ce ta yi mata kore ke nan kafin ta zo hannuna." Haka nake zato ni ma. Tunaninsa daidai ne, sai dai ya fara ne daga ranar gwanjo.

Duk da haka na nemi shaidar takarda. Gidan adana tarihin motocin Birtaniya da ke Gaydon yana riƙe da kundin fitar da motoci na masana'antar, kuma idan ka tura lambar shasi ka biya, sukan ba ka takardar da ke nuna ranar ƙira da inda aka aika motar da launinta. Tawa ta zo da Marine Blue. Mai motar da aka harhaɗa a wajen Ingila, irin waɗanda kamfanin Leyland ya haɗa a Ibadan, kada ya dogara da wannan hanya sosai, domin a inda aka haɗa motar aka fesa mata fenti. Shi jikin motar ne kundinsa.

Sanin suna bai gama aikin ba. Masu haɗa fenti a kasuwa da ido suke aiki, kuma hoton waya yaudara ne, kowace waya da irin shuɗinta. Murfin nan na ɗauka, na goge rabinsa da man ƙyalli har asalin launin ya fito, na ajiye shi gaban mai haɗawa. Duk haɗin da ya yi sai mun fesa a gutsuren alminiyom, mu bari ya bushe sarai, tunda ɗanyen fenti da busasshe ba launinsu ɗaya ba. Sannan mu jera shi da murfin a hasken hantsi, mu kuma duba a inuwa. Na ƙi yarda a yi hukunci a ƙarƙashin fitilar shago ko ranar da hazo ya rufe gari. Haɗin farko ya yi haske da yawa, sai da aka ƙara ɗigon baƙi da ɗan kore kafin ya kwanta. Na sa ya rubuta min awon kowane launi a takarda saboda gyaran gaba.

Mun ɗan ja da mai fesawa a kan ƙyalli. Shi so yake ya bi ta da ruwan gilashin da ake yi wa motocin yanzu, ta riƙa walƙiya. Na ce a'a. Fentin asali launi ne zalla mai matsakaicin sheƙi, kuma jikin Land Rover ba miƙaƙƙe ba ne, yana da 'yan lotsa-lotsan walda tun daga masana'anta. Ƙyalli mai yawa zai fito da su fili, daga nan kuma a fara cusa fila inda ba a buƙata. Na kuma hana a kusanto da soda, irin ta yin sabulu, wajen cire tsohon fenti, don cin alminiyom take yi. Ƙarafan da ke bakin bodi da firam ɗin gilashin gaba, waɗanda masu fentin baya suka shafe da fari, an kankare su an bar su da ruwan tokarsu na tutiya, yadda suka zo. Bayan dashbod kuwa na ce kada a fesa komai, a bar tsohon shuɗin a wurin don duk wanda motar za ta koma hannunsa ya samu abin gwadawa.