Abin da fitilar cikin ruwa ta koya min a aikin wayarin

Sai da na yi shekara huɗu ina bin ogana muna wayarin kafin na taɓa sa hannu a wutar suwimin ful, wurin ninkayan nan da ake yi a otal da gidajen masu hali. Har lokacin ni a wajena in dai aka ce abu bolt 12 ne to magana ta ƙare, ai batirin mota ma 12 ne kuma kullum bakanike na kama shi da hannu ba abin da ke samunsa.

Wani gida aka kira mu a Abuja, maigidan ya ce yaransa in suka kama tsanin ƙarfen da ake fitowa daga ruwa da daddare sai su ji abu na tsikarinsu a hannu. Wanda ya yi aikin tun farko ya ce masa wai ba zai yiwu ba tunda fitilun 12 ne, ƙila maganin da ake zubawa a ruwan ne. Oga na jin haka ya ce ranka ya daɗe daga yanzu kar wanda ya ƙara sa ko ƙafa a ruwan nan sai na ce, ya je ya kashe bureka ya kulle ɗakin famfo ya jefa makullin a aljihu.

Washegari muka buɗe ɗakin. Taransifomar fitilun na ajiye a ƙasa cikin danshi, da gani ka san ta taɓa ƙonewa an kai an yi mata rewayin, wato an sake naɗa wayar cikinta, an dawo da ita. Oga ya maido wuta ya ce kai auna min. Na sa mita tsakanin wayoyi biyun da ke tafiya ga fitila, 12 cif, na ce Oga lafiya lau take. Ya ce to cire bakin mitar ɗaya ka ɗora a kan atin, wato wayar da ke haɗe da ƙasa. Wallahi abin da mitar ta nuna ya haura ɗari, sai da gabana ya faɗi don na tuna yara ne ke shiga ruwan nan kullum. Ashe naɗin waya biyu ne a cikin taransifoma, na 230 daban na 12 daban, kuma duk amincin abun yana ga shamakin da ya raba su, in danshi ko zafi ya cinye shamakin nan fitila za ta ci gaba da haskawa kamar ba komai alhali wutar gida ta samu hanya zuwa bakin ruwa. Ga robar murfin fitila ɗaya ta tsage ruwa na shiga. Shi ya sa ba kowace taransifoma ake sawa ba sai wadda aka ƙera musamman don raba wutar biyu, kuma ba a yi mata rewayin, in ta mutu sabuwa ake saya.

Abin da ban gane ba a da shi ne mutum a cikin ruwa ba ɗaya yake da mutum a tsaye kan tayil da takalmi ba. Jiƙaƙƙiyar fata ba ta tare wuta, kuma abin da bai wuce miliam 10 zuwa 20 ba (miliam dubu ne am ɗaya, ma'aunin yawan wutar da ke gudu) ya isa ya sa hannu ya ƙi sakin abin da ya kama. Ba sai wutar ta kashe shi da kanta ba, jiki kawai zai sandare ya nutse a ruwan da iyakarsa ƙirji, in mai ceto kuma ya faɗa shi ma ta kama shi. Don haka duk inda na yi aiki yanzu ina faɗa wa masu gida, in kun ga haka a fara kashe wuta tukun, a miƙa masa sanda wadda ba ƙarfe ba.

Daga baya na zauna na karanta ƙa'idar, IEC 60364 sashi na 702, shi ne dai lambar sashin a BS 7671 na Ingila. Ƙa'idar ta raba wurin yanki-yanki: cikin ruwan kansa yanki ne, daga baki zuwa mita 2 wani yankin, sai ƙarin mita 1.5 bayansa. Fitilar cikin ruwa kar ta wuce bolt 12 in AC ce (irin wutar gida) ko 30 in DC (irin ta batir), ta zama mai lambar IPX8, wato wadda aka yi don zama cikin ruwa, taransifomar kuma a can waje da yankunan take zama. A Amurka sashi na 680 na NEC ne, ƙa'idar wayarin ta can.

Inda 'yan uwana masu wayarin ke yawan faɗawa shi ne tsohon kwan nan mai wat 300, a kan bolt 12 am 25 yake ja, in ka ja masa siririyar waya daga nesa sai hasken ya yi dishi-dishi, sai mutum ya ce bari ya matso da taransifoma bakin ruwa ya ɓoye ta cikin fulawa. To ka kawo 230 inda yara ke yawo da jiƙaƙƙiyar ƙafa kenan fa. Waya mai kauri ake sawa ko a koma LED da ba ya cin wuta. Haka fitilun ado na gefen ruwa, sau nawa na tone ƙasa na tarar da joyin an naɗe da salatif an binne, damina ɗaya ta isa ta gama da shi.

A gidan nan kwana uku muka yi. Muka sake taransifoma muka ɗaga ta a bango, muka raba fayif ɗin wayar fitila da na famfo, muka ɗaure tsani da jikin famfo da sauran ƙarafan wurin da wayar tagulla ɗaya don kar a samu bambancin wuta tsakaninsu, sannan RCD mai miliam 30 a kan layin, na'urar da ke yanke wuta da kanta in wutar ta fara zurarewa. Alhaji ya ɗan yi ƙorafin kuɗi, Oga ya ce masa in ba za a sa RCD ba shi ba zai maido da wutar ba. Ranar da za mu tafi ya kira yaron da ke wanke ruwan ya nuna masa maɓallin gwajin RCD ɗin, ya sa shi ya danna a kan wutar NEPA, RCD ta faɗi, aka tada jen ya sake dannawa ta sake faɗuwa, sannan ya ciro makullin ya ba shi.