Sabuwar waya, tsohon memori

Yanzu sha ɗaya na dare ta wuce kuma da sabuwar wayar nake rubuta wannan, shi yasa nake ta rubutawa ina gogewa, yatsuna basu saba da faɗinta ba tukuna. Na gaji sosai amma bana so in kwanta ban rubuta ba, don yau tun safe har yanzu maganar waya ce ta cinye min wuni kaf.

Jiya da dare ne na lura bayan tsohuwar ya ɗaga. Na cire mata riga zan goge ƙura sai naga murfin ya buɗe ta gefe ɗaya har ana hango ciki, ashe batir ne ya kumbura. Dama ta daɗe tana nuna alama, ka cika ta da safe kafin rana ta raba ta fara kukan caji. Shekara biyar da 'yan watanni tana hannuna. Batirin da ya kumbura ba abin wasa bane, yana iya kamawa da wuta, don haka na kashe ta na ajiye a ƙasa nesa da gado, gari na wayewa na fita na sayo sabuwa. Ko tsayawa duba wasu banyi ba, kai tsaye nace a bani ta kamfanin da na saba. Wannan ce ta huɗu a jere da na saya daga wajensu, kuma duk wanda ya tambaye ni wace waya zai saya su nake faɗa masa, a gidanmu kaɗai mutum uku na ja suka koma.

Tun daga kwalin na fara jin wani iri. Siriri ne kamar ba waya a ciki. Na buɗe, ga waya, ga igiya ɗaya, ga ɗan tsinken cire sim da 'yar takarda, shikenan. Babu kan caja. Na san labarin dama, tun 2020 Apple suka daina saka kan caja da iyafis a kwali lokacin iPhone 12, Samsung suka biyo baya a 2021 da Galaxy S21, daga nan abin ya bazu. Amma jin labari daban, ka riƙe kwalin a hannunka kana jujjuya shi ko akwai wani ɓoyayyen lungu daban. Dalilin da ake bayarwa shine kowa yana da caja a gida, ƙara wasu tara shara ne kawai. Kuma gaskiya ban ce ƙarya bane, don da na jawo durowar da nake zuba tarkacen waya na zazzage ta a kan gado, abin da na gani ya bani mamaki, kan caja biyar, igiyoyi sun cukurkuɗe da juna sai kace saƙa, har da cajar Nokia guda biyu, mai ƙaramin baki da mai babban baki, wayoyinsu sun daɗe da barin duniya.

Matsalar ita ce duk cikin kawunan nan biyar babu wanda ya karɓi sabuwar igiyar. Ita igiyar USB-C ce baki biyu, gaba da baya, wanda muke cewa taif si, su kuma kawunan nawa duk masu faffaɗan ramin nan ne na da. Igiyoyin tsohuwar wayata kuma micro USB ne, mai bakin da sai ka duba fuskarsa kafin ka soka. Ga caja tuli a gabana, ga waya tana 31 cikin ɗari, an rasa wanda zai haɗu da wani. Daga ƙarshe na tuna akwai 'yar gajeruwar igiya da ta zo da wata fitila mai caji, ɗaya bakin faffaɗa ɗaya taif si, ita na haɗa da tsohon kai. Ta kama, amma wayar ta rubuta sai bayan awa uku da wani abu zata cika, alhali a jikin kwali an ce caji mai sauri. Saurin nan ashe sai kai da igiya da waya duk sun fahimci juna, akwai tsarin da ake kira USB PD wanda yawanci suke bi, wasu kamfanonin kuma suna da nasu tsarin na daban da sai da cajarsu yake aiki. Baki ɗaya ne a ido amma abin da ke gudana a ciki ba ɗaya bane.

Na haƙura da wannan, nace bari in saka iyafis in ji yadda sautinta yake. Iyafis ɗin nan na fi shekara shida da shi, mai igiya ne, bai taɓa bani matsala ba, da shi nake sauraren rediyo da daddare don igiyar ce ke zama eriya. Na juya wayar sama, na juya ƙasa, na shafa gefe da gefe, babu ramin. Wallahi na ɗan jima a zaune riƙe da bakin iyafis ɗin a hannu. Ramin nan mai milimita 3.5 ya girmi wayar hannu da kanta, rediyo da kaset da kwamfuta duk shi suke amfani da shi, ka sayi iyafis ɗaya ya shiga komai ba ruwansa da sunan kamfani. A 2016 aka fitar da iPhone 7 babu shi, lokacin mutane sunyi ta surutu, wasu kamfanonin ma har tallar cewa su suna da shi sukayi, bayan 'yan shekaru suma suka cire ɗaya bayan ɗaya. Ance don a samu wurin batir ne kuma wayar ta fi jure ruwa. To na ji, amma ni iyafis na bulutut wani abu ne kuma da zan riƙa tunawa da cajinsa, kuma batirinsa ƙarami ne a manne, ranar da ya mutu iyafis ɗin gaba ɗaya ya mutu. Mai igiya kuwa sai dai igiyar ta tsinke.

Abin da ya fi taɓa ni bai zo ba sai da na zo saka sim. Na cire memori na daga tsohuwar wayar a hankali, ɗan ƙaramin abu kamar farce, na ɗora a kan farar takarda don kada ya ɓace. Memorin nan ya bi ni waya uku. Duk lokacin da na canza waya cire shi kawai nake in mayar, minti ɗaya an gama, hotuna na nan, waƙoƙi na nan, komai. A ciki akwai hotunan yara tun suna jarirai, akwai kuma wasu muryoyi goma sha huɗu na Baba, Allah ya jiƙansa, da na ɗauka ba tare da ya sani ba lokacin yana bamu labarin ƙuruciyarsa. Na soka tsinke, tiren ya fito, na juya shi, sim ta gaba sim ta baya. Babu wurin memori. Na ɗauko takardar kwalin na karanta ko akwai wani ramin, babu. Nan jikina yayi sanyi gaskiya. Ba wai abubuwan sun ɓace bane, suna nan a kan farar takarda a gabana, amma sai naji kamar an ce min baƙon da na zo da shi ba zai shiga ba.

Ina cikin wannan Auta ta shigo. Tana ganin tarkacen da ke kan gado ta fara, "Yaya ai da ka ji maganata ka dawo iPhone da duk baka sha wannan wahalar ba." Nace mata Auta taku ma ai babu memori babu ramin iyafis, tun farko ma iPhone bata taɓa karɓar memori ba. Tayi shiru kaɗan tace eh amma dai ta fi. Nace ta fi da me, tace ita dai ta saba. Na buɗe baki zan bata amsa sai naga ai nima abin da zan ce kenan, na saba. Shekara da shekaru muna wannan musun ni da ita, kowa yana kare kamfaninsa sai kace ɗan uwansa, kuma in ka matsa mana duk maganar a nan take tsayawa.

Sai dai ita ce ta kawo abin da ya faranta min rai yau. Ta buɗe jaka ta ciro cajarta tace "ungo Yaya gwada wannan". Na kusa cewa ai ba zata shiga ba, don a kaina cajar iPhone daban take, sai na tuna tun iPhone 15 a 2023 suka koma taif si. Na soka, ta shige lafiya lau, wayar ta nuna caji mai sauri, awa ukun nan ya koma awa ɗaya da 'yan mintoci. Ni da na ga zamanin da kowane kamfani da irin bakin cajarsa, ka je gidan mutane da wayarka a mace a fito maka da caja huɗu babu taka, abin nan ba ƙarami bane a wajena. Apple kaɗai sun yi mai faɗin nan mai fil 30, suka koma Lightning a 2012, sannan yanzu taif si. Kuma ba haka kawai aka wayi gari aka haɗu ba, Tarayyar Turai ce ta yi doka a 2022 cewa daga ƙarshen Disamba 2024 duk wayar da za a sayar a ƙasashensu sai ta zama mai USB-C, kamfani kuma ba zai so ya ƙera waya iri biyu ba, sai duniya duka ta amfana. Inda ma za a yi irin wannan a kan sauran abubuwan. Akwai dai wata dokar tasu ta batir da zata fara aiki a 2027 wadda ke neman a sauƙaƙa canza batir, ina fatan ta kawo gyara, don tsohuwar wayata lafiyarta ƙalau, sikirin ko tsagewa babu, batir ne kawai ya kashe ta. Wayata ta farko da farce nake ɓalle murfin in canza batir.

Da yamma muka zauna aikin kwashe kaya. Na saka memorin a kwamfuta ta hanyar ɗan abin karanta kati, na haɗa wayar da igiya, fayil sama da dubu tara suka fara wucewa a hankali. WhatsApp bai bani wahala ba tunda daga Android zuwa Android ne, ajiyar tana Google Drive, na saka lamba ya dawo da komai. Auta tace lokacin da ita ta bar Android hirarrakinta na shekaru haka ta bar su, don sai a 2022 WhatsApp suka kawo hanyar kwashewa daga Android zuwa iPhone. Na tambaye ta yanzu in an bata wata wayar kyauta wadda ta fi tata zata koma? Ta fara lissafi da yatsu, agogonta Apple Watch ne baya aiki sai da iPhone, hotunanta duk suna iCloud, ma'ajiyar Apple ta intanet, manhajojin da ta saya sai ta sake saya. Tace "Yaya ko ina so ma fita ba sauƙi". Ni kuma nawa lissafin bai kai nata ba amma akwai shi, lambobin mutane, kalmomin sirri da wayar ta riƙe min waɗanda ni kaina na manta, da yadda hannuna ya san inda komai yake ko a cikin duhu.

To shi hannun ma yau ya rikice. Wurin ɗora yatsa a tsohuwar yana baya, wannan yana ƙarƙashin sikirin, tun rana yatsana ke zuwa baya yana shafa gilashin kyamara. Maɓallan nan uku na ƙasa babu su, sai dai ka ja daga gefe, sai da na shiga saiti na tono na dawo da su sannan hankalina ya kwanta. Ga tsawo, babban yatsa baya kaiwa saman sikirin sai na sa hannu biyu. Na tsaya ina kallonta nace to wai me ya rage a jikin wayar nan daga abubuwan da suka sa na zaɓi kamfanin nan tun farko? Memori ne ya sa na zaɓe su, da batirin da ake cirewa, da ramin iyafis, da girman da ke shiga aljihu. Duk sun tafi ɗaya bayan ɗaya, sunan da ke bayanta ne kawai bai canza ba, kuma shi na bi da safe ko tambaya banyi ba. Raina ya sosu da wannan, don har yanzu akwai wayoyi masu memori da ramin iyafis, da na tsaya na duba minti goma da na samu. Baba haka ya riƙe Nokia, baya yarda da komai sai ita, har aka sayar da sashen wayarsu ga Microsoft a 2014 yana nan a kan bakansa.

Ba zan ce wayar bata da kyau ba, zalunci ne in faɗi haka. Hoton da na ɗauki Auta a bakin ƙofa da magariba ba tare da fitila ba ya fito tas, tsohuwar da duhu kawai zata ɗauko. Da zan tura mata ne muka sake cin karo, hanyar tura fayil kai tsaye ta wayata Quick Share ce, tata kuma AirDrop, muka kunna muka jira basu ga juna ba, muna zaune kafaɗa da kafaɗa sai da hoton ya bi ta WhatsApp, shima sai da na tura shi a matsayin fayil don kada ingancinsa ya ragu.

Wajen ƙarfe goma kwashewar ta gama. Na shiga na ƙirga muryoyin Baba, goma sha huɗu cif. Na kunna ta farko a sifika tunda babu inda zan soka iyafis, Auta da har ta ɗauki jaka zata tafi ta dawo ta zauna a bakin gado, muka saurara har ƙarshe babu wanda yayi magana. Ta bar min cajarta zuwa gobe. Memorin na naɗe shi a farar takardar na rubuta sunan Baba a kai na saka cikin kwalin sabuwar wayar, ban goge komai a ciki ba. Gobe in Allah ya kaimu zan kai tsohuwar wajen mai gyara ya cire batirin nan, in an samu irinsa a saka mata, sannan in nemi kan caja da ɗan abin da ake haɗa iyafis da ramin taif si, Auta tace in tafi da sabuwar wayar in gwada a wurin don ba kowanne ne ke aiki da kowace waya ba.