Ba a gyara rotil da guduma

Ranar Asabar na biya ta garejin da nake kai mota a Sabon Gari, sai na iske ɗan ƙanwata tsugune gaban tsohuwar Hilux ɗin da ya saya bara. An ɗaga ta a jak, an cire tayar hagu, rotil na ƙasa kuma, wato gaɓar ƙarfen da ke haɗa taya da jikin mota, an ɗora shi kan wani mataccen inji, yaron gareji ya ɗauko guduma zai daki murfinsa don ya matse. Na ce, "Kai, me ake yi nan?" Ya ce, "Kawu, ɗan wasa ne ya yi, matse shi kawai za a yi. In na dawo daga Dakoro sai in sayi sabo." Yana ba ni amsa idonsa na kan waya. Gabana ya faɗi, domin maganar da ta fito daga bakina ke nan shekarun baya, har da wannan "in na dawo".

Tawa ma Hilux ce, mai shan gazuwal, mai ja da ƙafar baya kaɗai. Da ita nake cin kasuwannin ƙauye, in kai shinkafa da sukari da sabulu, in dawo da aya da wake da gero. Irin waɗannan motocin, abin da ke riƙe gabansu wata doguwar sandar ƙarfe ce mai murɗawa, tana maƙale da hannun ƙasa, wato ƙarfen da ke riƙe taya ta ƙasa, wanda bakanikenmu ke kira tiriyangal. To nauyin inji da na gaban mota duka ta rotil na ƙasa yake bi kafin ya isa taya. Shi kuwa rotil ɗin, dunƙulen ƙarfe ne cikin kwanso, da giris a ciki, da 'yar roba da ta rufe bakinsa. Ranar da robar nan ta tsage, rairayin ƙasar nan ya samu hanya. Yashi ya haɗu da giris, sai su zama kamar dutsen niƙa, kowace gargada ta ƙara cin ƙarfen. Damina ta zo, ruwa ya shiga ya ƙarasa.

Motar ta faɗa mini, ba ta ɓoye ba. In na hau jar ƙasa sai in ji ƙwas-ƙwas daga hagu. A kan kwalta sitiyari ya riƙa yawo, kana gyara shi yana kaucewa. Tayar gaba ta cinye ta ciki har waya ta leƙo, alhali gefenta na waje sabo fil. Bakanikena, dattijo ne, Allah ya jiƙansa, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ya ce, "Maigida, wannan ya gama aikinsa." Ni na ce a buga shi. Ya ce ba ya so. Na ce motar wa? Ya yi shiru ya miƙa wa yaronsa.

Amma ku tsaya ku ji halin da nake ciki, kada ku ɗauka wauta ce zalla. Motar bashi ce, wani Alhaji ya tsaya mini, kowane ƙarshen wata sai na kai masa. Mahaifiyata na kwance. Kaka ta shigo, lokacin da mai mota ke samun abin da zai ci har rani, wanda ya ajiye mota a lokacin nan wani ya ɗauke masa 'yan kasuwarsa. Kuma ba ni na fara ba, duk tashar haka ake yi. Mun yanka tsohuwar tayar babbar mota mun yi silambulok da ita, wato robar da ke zama inda hannun ya haɗu da jikin mota, ta yi aiki. Mun huda amortisar, abin nan da ke shanye gargada, mun ɗura masa mai mun toshe, ya ɗan kai mu. An taɓa buga mini rotil ɗin dama, ya zauna lafiya. Wanda dabara ta yi ta fisshe shi, yaya za a yi ya gane cewa akwai wurin da ba ta shiga? Ina faɗin wannan ina kuma jin kunyarsa, domin dattijon nan ya gaya mini a fili, kuma kuɗin rotil ɗin ba su fi ƙarfina ba a ranar. Ina da su a aljihu. Na fi son in ƙara buhuna da su.

Abin da ban gane ba sai daga baya: guduma ba ta mayar da ƙarfen da ya tafi. Dunƙulen ya riga ya zaizaye, mazauninsa ya buɗe, leɓen da ke hana shi fitowa ya yi siriri. Duka yana matse su ne kawai, ƙarar ta ɗauke. Ƙarar nan kuwa ita ce mai gargaɗi. Na biya kuɗi aka kashe ta, na fita ina murna mota ta yi shiru.

Mun wuce Kornaka muna dawowa Maradi, kaya har sama, karen motata na zaune kan buhuna. Ba gudu nake ba, wallahi ba gudu nake ba. Na sauka gefen hanya in kauce wa rami, ina juya sitiyari in koma, sai na ji ƙara kamar an sare itace, hancin motar ya dunƙule ƙasa ta hagu. Tayar ta kwanta cikin ƙarfen jiki, tiyon birki ya tsinke, na taka na ji ƙafata ta tafi har ƙasa. Motar ta ja kanta cikin kwazazzabo ta jingina. Da na fito, mai na ɗiga kan yashi, buhun aya ya fashe, yaron kuma yana can gefe yana ƙoƙarin tashi, cinyarsa ta karkace inda babu gaɓa. Bai yi kuka ba, sai "Maigida, Maigida" yake ta faɗi.

Ya warke, amma har yau yana ɗingishi. Mahaifinsa ya ce mini ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, bai nemi ko dala ba. Na karɓi maganar hannu biyu, na daɗe ina fakewa da ita. Wani lokaci in ce laifin hanya ne. Wani lokaci in ce lodi ne, tunda motar da aka yi don ɗaukar wajen tan 1 muke ɗora wa ninki, kuma babu direban da ba ya yi. Duk gaskiya ne. Sai dai wanda ya ɗora lodin ni ne, wanda ya ce a buga ni ne. Ban yi maganar hannun da ya lanƙwashe da taya da tiyo da kakar da ta wuce motar na kan duwatsu ba, waɗannan an biya sun wuce.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, na duba na ga ba su da yawa. Rotil na sama da na ƙasa da na sitiyari, in suka yi wasa a cire a jefar. Ba guduma, ba walda, ba cusa guntun roba. In babu kuɗi a ajiye motar. Na san mai ƙoshi ne ke faɗin haka, 'ya'yana sun girma, ba wanda ke bi na bashi. Duk da haka a ajiye ta.

Abin da ke karɓar gyara shi ne hannun kansa. In bai lanƙwashe ba, bai tsage ba, kada ka yar da na asali don wani sabo mai ƙyalli marar nauyi. A fitar da tsohon silambulok a matsa sabo, kuma kada a ɗaure notinsa tamau sai an sauke motar ta tsaya kan ƙafarta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta tsage da wuri. Silambulok na tsohuwar taya kada ku sa. Ko da yake in dare ya yi mini a dajin Mayahi, zan sa in iso gida.

Sayen ma wani aiki ne. Tun da aka rufe iyakokin Nijar a 2023 kayan da ke bi ta Kwatano, a ƙasar Benin, suka yi wuya, kuɗinsu ya hau, jabu kuma ya cika shaguna cikin kwali mai kyau. Na sha cewa tsohon na asali ya fi sabon jabu, kuma ban janye ba, amma ban da rotil, domin ba ka ganin cikinsa. Sayi sabo wurin mutumin da ka san ƙofar gidansa. Riƙe shi a hannu ka motsa wuyan: in ya juya sakwaf ba tauri, ajiye masa abinsa.

Ku kuma samarin yanzu, kuna ba ni haushi. Akwai kuɗin fitilu masu launi, da lasifika, da baƙin gilashi, amma babu na ƙafar mota. Mutum ya kalli bidiyo a TikTok ya zo yana musu da wanda ya yi furfura a ƙarƙashin mota, shi kuwa ba zai iya kwanciya a ƙasa ba don kada shaddarsa ta ɓaci. Ku saurari bakanike. Ba kowane ba, domin akwai wanda zai buga maka komai muddin za ka biya, shi ya sa dole ka iya dubawa da kanka. Sa jak a ƙarƙashin hannun ƙasa, kama taya sama da ƙasa ka girgiza, sannan hagu da dama, wani ya leƙa ya ga inda ke motsi. In za ka canza na hagu, canza na dama tare, tunda hanya ɗaya suka bi. Ka tsaya a kai har ka ga an zura 'yar ƙusar da ke hana noti kwancewa an buɗe ƙafafunta, domin yara na mantawa, wasu kuma guntun waya suke sawa. Daga nan ka wuce wurin masu daidaita tayoyin gaba kafin ka ɗora ko buhu ɗaya, in ba haka ba sabuwar tayar ma za ta cinye ta gefe.