Ranar da na kai manhajata kasuwar Dawanau

Wata uku na yi ina haɗa wata manhajar waya da 'yan kasuwar hatsi za su riƙa rubuta bashi a ciki. A kan kwamfutata komai tsaf yake. Ranar da na kai ta Dawanau, na miƙa wa wani dattijo aminin mahaifina wayar. Ya kare fuskarta da tafin hannu saboda rana, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ɗana, ina wurin sa kwano?"

Babu. Kilo na sa, shi kuwa da buhu da kwano yake ciniki tun kafin a haife ni.

Na ce, "Baba, a ba ni littafin bashin in gani." Abin da ya kamata in fara nema ke nan tun kafin in taɓa kwamfuta. Da ajami yake rubutu. Ba ya sa sunan mahaifin mutum ko lambar waya, waɗanda ni na wajabta a cike; cewa yake "mai gero na Bichi". Biyan ma ba a zama ɗaya ake yinsa ba, yau a kawo rabi, sauran sai wata kasuwa. Wayar kuma ba shi ke latsa ta ba, yaron shagonsa ne, shi yana faɗa yaron yana sawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maɓallin gogewa. Na tsara cewa da an gama biya, bashin ya ɓace. Baba ya ƙi sam. A littafinsa layi yake ja a kan bashin da aka biya, rubutun yana nan ana gani, don idan gardama ta taso bayan shekara, wannan layin ne shaidarsa. Ni ina ganin na share masa shafi, shi yana ganin na yaga masa hujja.

Masu wannan sana'a tamu sun daɗe da sanin haka. Ƙa'idar ISO 9241-210, wato ƙa'idar duniya kan tsara manhaja daidai da mai amfani da ita, cewa ta yi a fara fahimtar mai amfani da yanayin aikinsa, a fitar da buƙatunsa, a zana, a gwada da shi, a sake komawa. Jakob Nielsen kuma, wani masani kan sauƙin amfani da manhaja, a shekarar 2000 ya rubuta cewa gwaji da mutum 5 kan tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani. Na karanta duk wannan a makaranta, amma a rumfar Baba na yarda da shi.

Sai na ajiye kwamfuta, na yanka kwali girman waya, na zana kowane shafi da biro. 'Yan kasuwa 5 na zauna da su. Mutum ya taɓa zanen maɓalli, ni in sauya masa kwali, yana faɗin abin da ke ransa. Mafi wuya shi ne kame bakina idan na ga ya rikice, don da na nuna masa wurin, gwajin ya lalace. Uku daga cikinsu wuri ɗaya suka tsaya, suna neman inda za a sa sunan wanda ya tsaya wa mai bashi.

Yanzu akwai kwano, akwai jan layi, rubutun ma na ƙara masa girma da duhu saboda rana. Yaron shagon ya roƙi a sa wurin ɗaukar murya, yadda Baba zai faɗi bashin da bakinsa. Na zana shi a kwali, ranar Alhamis zan kai musu.