Daga Jidda: maganar ruwan nan da kuke ta tambayata

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, da fatan kowa lafiya, ya ƙoƙari. Ku yi haƙuri ba zan ja gaisuwa ba.

Tun da aka ji ina karatu a fannin ruwa a nan Jidda saƙonni ba su tsaya ba, kuma tambayar kusan iri uku ce, ya ake samun sikolashif, wai da gaske ruwan teku kuke sha, sai masu cewa me ya hana jami'o'inmu haɗa kai da na Saudiyya a kawo mana fasahar mu huta da layin 'yan garuwa. Zan taɓa duka in Allah ya yarda.

E da gaske ne, ruwan teku muke sha. Ƙasar nan ba ta da kogi ko ɗaya mai gudu duk shekara, ruwan famfon Jidda da Makka yawancinsa daga Bahar Maliya ake tace shi a tashoshi irin ta Shu'aiba, Riyad kuwa ana turo mata daga Jubail ta bututu sama da kilomita 400. Na je jami'ar KAUST da ke Thuwal wadda aka buɗe a 2009, wallahi abin da na gani a ɗakunan bincikensu kan tace gishiri da sake amfani da ruwan da aka riga aka yi aiki da shi ya girgiza ni. Amma mu tsaya, daga Kano zuwa teku tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, kuma aikin nan wutar lantarki yake ci ba kaɗan ba.

Darasin da ya fi kusa da mu na alkama ne. A shekarun 1980 suka haƙa rijiyoyi masu zurfi a hamada suka noma alkama har suna fitarwa waje, da ruwan da ya kwanta ƙarƙashin ƙasa dubban shekaru wanda ruwan sama ba ya mayar da gurbinsa. Da suka ga yana ƙarewa sai gwamnati ta fara janye hannu daga 2008 har zuwa 2016. Duk lokacin da na tuna yadda kowane gida a unguwarmu yake haƙa burtsatse, na bana ya fi na bara zurfi, sai gabana ya faɗi.

To ga abin da ya dame ni. Malamina ya yarda mu yi aikin haɗin gwiwa da wata jami'a ta gida, na yi murna sosai, aka rubuta wasiƙa. Wata bakwai ke nan takardar tana yawo daga wannan ofis zuwa wancan, yau a ce sai an sa hatimi, gobe a ce mai sa hannu ya yi tafiya, jibi a ce a sake bugawa a takarda mai tambarin makaranta, nan ma sai an fassara ta da Larabci an tantance fassarar, kafin nan kuma igamata, wato takardar izinin zamana a nan, ta kusa ƙarewa na shiga wata hidimar. Alhali abin da malamin ya nema tun ranar farko abu ɗaya ne, a ba shi awon rijiyoyi, ruwan yana sauka da mita nawa daga kaka zuwa bazara, na shekara biyar ko goma. Babu wanda ya iya turo mana.

Kuma ba wai ba mu da masana ba ne, ga cibiyar noman ƙasa mai ƙarancin ruwa a Jami'ar Bayero, ga cibiyar albarkatun ruwa ta ƙasa a Kaduna, ga mutanen da suka yi shekaru suna fama da kachala, ciyawar nan mai toshe hanyoyin ruwa, a fadamar Haɗeja da Nguru tun bayan dam ɗin Tiga da Challawa. Wannan ilimi ne da su nan ba su da shi. Ni da zan samu ɗalibai goma kowa ya ɗauki rijiya ɗaya a garinsu, da igiya da tef ɗin awo da littafi, yana aunawa duk farkon wata yana rubuta kwanan wata, da mun sami abin ajiyewa a kan tebur idan an zauna da su.

Maganar sikolashif kuma, ku dai fara tantance takardunku da wuri kada ku jira a buɗe neman gurbi, sauran sai wasiƙa ta gaba don na makara zuwa lab. Wanda ya fara awon rijiyar ya turo min na watan farko. A gaida mutanen gida.